Gwadabe Ɗaya, Kayan Mutane Da Yawa



 Sa'ad da takardar gayyata ta iso mana, wasu abokan arziki sun ba mu shawara mu ɗauko babbar magana, irin su ilmi da cigaban ƙasa, ko matasa da shugabanci. Da muka yi nazari sai muka ga waɗannan ba su rasa masu yi musu hidima ba. Saboda haka muka zaɓi ƙaramin abu. Za mu yi magana ne a kan wata waya guda ɗaya wadda ke haɗa akwatuna biyu, kowanne yana ajiye a ɗakin da kullum yake a kulle, da kuma 'yan layukan umurni da ma'aikaci ke rubuta wa akwatunan nan. In ya rubuta su daidai, ba mai sanin da shi, balle a gode masa. In kuwa ya yi kuskure, sai albashi ya tsaya, jarrabawa ta watse, ko asirin majinyaci ya faɗa hannun wanda bai kamata ba. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana, shi ke tsone maka ido.

Kada wani ya ce wannan magana ta 'yan sashen ilmin kwamfuta ce kaɗai. Hukumar JAMB, wadda aka kafa cikin 1978, ta fara jarrabawa da kwamfuta cikin 2013, daga 2015 kuma ta bar takarda da fensir ɗungum. Watau kusan duk ɗalibin da ke zaune a nan ta cikin irin waɗannan wayoyi ya shigo jami'a. Cikin 2014 aka ƙaddamar da NgREN, hanyar sadarwar da ta haɗa jami'o'in tarayya 27 a zangonta na farko. Albashin ma'aikaci, da rajistar ɗalibi, da sakamakon jarrabawa, duk ta kan na'ura suke bi yanzu. Mutanen Jihar Sakkwato kuwa ba su bukatar dogon bayani a kan abin da yankewar sadarwa ke jawowa, gama cikin watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda sha'anin tsaro, kowa ya ga halin da ciniki da aikin ofis da zumunci suka shiga. Waccan rufewa da gangan aka yi ta, bisa dalili. Wadda za mu duba yau ita ce irin wadda sakacin mutum ɗaya ke jawowa.

MISALI DAGA GIDA

Mu ɗauki Fakku, a ƙaramar hukumar Kebbe, can kudancin Jihar Sakkwato. Mai zuwa daga birnin Sakkwato sai ya kama hanyar Jega, ya wuce Boɗinga da Shagari, ya ci kusan kilomita 100 kafin ya kai Tambuwal, sa'an nan ya saki babban titi ya nufi ƙasar Kebbe. Ku riƙe wannan nisa a zuciya, za mu komo kansa.

To, mu ƙaddara an kawo hanyar sadarwa guda ɗaya zuwa Fakku, ko ta waya ko ta eriya, aka ce masu amfani da ita uku ne: makaranta, da asibiti, da ofishin ma'aikata. Kuɗin ja wa kowannensu tasa hanya babu. Ga kuma gine-gine biyu, ɗaya a gabashin gari ɗaya a yamma, kuma a kowane gini akwai mutanen ɓangarorin nan uku. Tambayar ita ce, ta yaya za su bi waya ɗaya ba tare da kayan wani ya gauraya da na wani ba?

Kafin mu amsa, sai mun san akwatin da muka ambata. Ma'aikata suna kiransa suwic. Akwati ne mai kafofi a jere, galibi 24 ko 48, kowace kwamfuta ana soka wayarta a kafa guda. Saƙo ba ya tafiya a dunƙule, ana yanyanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin mai aikawa da na wanda aka aika wa. Aikin suwic shi ne ya lura da wane adireshi ke bayan wace kafa, ya miƙa kowane ƙunshi inda ya dace. Asalin wannan tsari, wanda ake kira Ethernet, Robert Metcalfe ne ya fara zayyana shi cikin 1973 a ɗakin binciken kamfanin Xerox a Kalifoniya ta Amurka, kuma har yau shi ne ginshiƙin sadarwar ofisoshi.

Amma akwai wasu ƙunsoshi da ba a aika wa mutum ɗaya ba. Alal misali, kwamfuta takan yi tambaya, wa ke da adireshi kaza? Irin wannan sai suwic ya watsa shi ta kowace kafa, kamar yadda mai shela ke zaga gari kowa ya ji, da wanda abin ya shafa da wanda bai shafa ba. In kwamfutoci goma ne, ba damuwa. In sun kai ɗaruruwa, shela ta yi yawa, hanya ta cushe. Abin da ya fi wannan muni shi ne, muddin suna cikin fili ɗaya, kowace kwamfuta tana iya ƙwanƙwasa ƙofar kowace. Kwamfutar ɗalibi da ta kwaso cuta a waje tana iya kai ta ga wadda ke ajiye da sunayen majinyata.

Maganin da aka samo shi ne abin da ake kira VLAN a taƙaice. Mu da muka tashi a gidan gandu ba zai yi mana wuyar ganewa ba. Katanga ɗaya ce ta kewaye gida, amma a ciki kowane magidanci da sashensa, maganar da aka yi a sashen wannan ba a jinta a sashen wancan. Haka ake raba suwic guda ɗaya sashe-sashe, da umurni kawai, ba tare da an sayi wani akwati ba. A ce kafa ta 1 zuwa ta 8 na sashe mai lamba 10 ne, watau makaranta. Ta 9 zuwa ta 16 na sashe 20 ne, asibiti. Sauran na sashe 30, ofis. Shelar da aka yi a sashe 10 ba ta ƙetarawa zuwa 20. Wanda ke son ya je wani sashe sai ya bi ta wata na'ura da ake kira rawuta, wadda ke matsayin zaure, inda ake tsayar da baƙo a tambaye shi wurin wa ya zo.

GWADABE DA SHAIDAR BUHU

Yanzu sai mu koma ga gine-ginenmu biyu. Kowane gini da suwic nasa, kowane suwic an raba shi uku. Ana son sashe 10 na gabas ya sadu da sashe 10 na yamma, haka 20, haka 30. Hanya mafi sauƙin tunani ita ce a ja waya uku tsakaninsu. In sassan sun zama ashirin fa? Waya ashirin ke nan, da kafofi ashirin a kowane gefe waɗanda ba su da wani aiki sai wannan. Don kauce wa wannan ɓarna aka ƙago abin da Turawa ke kira tirank, mu kuwa a wannan lacca za mu kira shi gwadabe: waya guda ɗaya wadda ke ɗaukar kayan dukkan sassa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ranar kasuwa ya ga yadda ake yin wannan. Mota ɗaya ce za ta kwashi buhunan mutum goma, gero da dawa da wake, buhunan kuma duk kamarsu ɗaya. Abin da ke hana rigima shi ne shaidar da ake yi wa kowane buhu da fenti kafin a ɗora shi. A can inda za a sauke, yaron mota ba ya kwance buhu ya ga abin da ke ciki, shaida kawai yake dubawa ya ce wannan na wane ne. Haka suwic ke yi. Ƙunshi ya shigo ta kafar sashe 20, za shi ƙetare, sai suwic ya liƙa masa shaida mai lamba 20, ya ɗora shi a gwadabe. Suwic na can gefe ya karanta lambar, ya cire shaidar, ya miƙa ƙunshin ga kafofin sashe 20 kaɗai. Kwamfutar da ta aika da wadda ta karɓa ba su ma san an yi ba.

Ƙa'idar wannan shaida ita ce IEEE 802.1Q, wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta zartar cikin 1998. Girman shaidar bayit 4 ne, watau bit 32, ana cusa ta nan da nan bayan adireshin mai aikawa. Bit 16 na farko sanarwa ce cewa wannan ƙunshi yana ɗauke da shaida. Bit 3 na nuna muhimmancinsa, daga 0 zuwa 7, domin in hanya ta cushe a gabatar da murya a kan saƙon da zai iya jira. Bit 1 na nuna ko ana iya yar da shi in cunkoso ya tsananta. Bit 12 da suka rage su ne lambar sashe. Masu lissafi a cikinmu sun san bit 12 na ba da lambobi 4096, amma an keɓe 0 da 4095, saura 4094. Saboda wannan ƙari ne iyakar girman ƙunshi ya tashi daga bayit 1518 zuwa 1522.

Kafin wannan ƙa'ida, kamfanin Cisco yana da tasa hanya mai suna ISL, wadda na'urorinsa ne suka san ta. Kasuwar da kowane ɗan kasuwa ke awo da mudunsa ba ta daɗewa ba a yi faɗa ba. Da aka amince da mudu ɗaya, sai na'urar wannan kamfani ta iya magana da ta wancan, aka daina amfani da ISL. Sai dai a lura, ko da yake mudun ɗaya ne, bakin 'yan kasuwar ya bambanta. A na'urorin HP, alal misali, kalmar tirank na nufin wani abu dabam, watau ɗaure wayoyi da yawa su yi aiki kamar ɗaya. A ofisoshinmu, inda kwangilar bara ta kawo na'urar wani kamfani ta bana ta kawo ta wani, wannan bambancin suna kaɗai ya isa ya ɓata wa ma'aikaci yini guda.

YADDA AKE SAITAWA

Mataki na farko ba a gaban kwamfuta ake yinsa ba. Takarda da biro za ka ɗauka, ka rubuta sassanka da lambobinsu: 10 makaranta, 20 asibiti, 30 ofis. Ka ƙara sashe 90, wanda ta cikinsa ne kai ma'aikaci za ka riƙa shiga na'urorin daga nesa. Ka ƙara 99, wanda ba za a sa kowa a cikinsa ba, dalilinsa na nan tafe. Sa'an nan ka rubuta wace kafa ke zuwa ina.

Za mu kawo umurnin yadda yake a na'urorin Cisco, domin su aka fi koyarwa da su. Ana fara ƙirƙiro kowane sashe a dukkan suwic biyu, ana ba shi suna:

vlan 10
name MAKARANTA

Haka za a yi wa sauran. Sa'an nan kafar da kwamfuta za ta shiga, a gaya mata a fili cewa ita kafar sashe ɗaya ce:

switchport mode access
switchport access vlan 10

Kana a zo kan kafar da wayar gwadabe ke ciki:

switchport mode trunk
switchport trunk allowed vlan 10,20,30,90
switchport trunk native vlan 99
switchport nonegotiate

A wasu tsofaffin na'urori, waɗanda suka san ISL, sai an fara rubuta switchport trunk encapsulation dot1q kafin su karɓi layin farko. Layin farko ya mai da kafar gwadabe. Na biyu shi ne takardar lodi, watau sunayen waɗanda aka yarda a ɗauki kayansu. Na uku ya faɗi inda za a kai buhun da ya zo ba shaida. Na huɗu ya hana kafar yin ciniki da baƙo. Waɗannan layuka za a rubuta su iri ɗaya a gefen gabas da na yamma. In an gama, a rubuta show interfaces trunk a kowane gefe, a ɗora abin da na'ura ta nuna a kan abin da ke takarda, a tabbata sun yi daidai.

Kun ga aikin ba shi da yawa. Ɗalibin aji ɗaya zai iya haddace shi kafin la'asar. Abin da ke bambanta ma'aikaci da mahaddaci shi ne sanin ramukan da ke gefen hanya, kuma guda biyar za mu ambata.

RAMUKA BIYAR

Na farko, buhun da ba shaida. A kan kowane gwadabe akwai sashe guda wanda kayansa ke tafiya ba shaida, kuma duk ƙunshin da ya iso haka, can ake kai shi. In ba a faɗa wa na'ura komai ba, sashe 1 take ɗauka. To, a ce ma'aikacin gabas ya ce marasa shaida na sashe 20 ne, na yamma kuma ya ce na sashe 10 ne. Kayan asibiti za su taso ba shaida, su sauka a makaranta. Hanya ba ta yanke ba, fitilun na'ura na nan kore shar, amma katangar da aka gina ta rushe ba wanda ya ji ƙararta. Har wa yau, ɓarayin zamani sun san dabarar liƙa wa ƙunshi shaida biyu, suwic na farko ya cire ta sama, na biyu ya karanta ta ƙasa ya kai shi sashen da ba a yarda ya shiga ba, kuma wannan dabara ba ta ci sai in ɓarawon yana zaune a sashen marasa shaida. Wannan shi ne dalilin sashe 99: a keɓe shi, a bar shi kango.

Na biyu, takardar lodi. In ba a rubuta ta ba, gwadabe na ɗaukar kayan kowane sashe, har da waɗanda ba su da abin yi a can ƙetare. In kuma an rubuta, akwai tarko wajen ƙari. A ce an buɗe sabon sashe, lamba 40. Wanda ya rubuta switchport trunk allowed vlan add 40 ya ƙara shi a kan na da. Wanda ya manta kalmar add, ya rubuta 40 kawai, ya shafe tsohuwar takarda ke nan, ya bar 40 shi kaɗai. Mu kanmu mun taɓa faɗawa wannan rami a wata ma'aikata, muna aiki daga nesa da hantsi, lokacin da kowa ke kan teburinsa. Muna danna maɓalli allo ya tsaya cik, domin sashen da muke shiga ta cikinsa yana cikin waɗanda muka shafe. Mun rufe ƙofa da kanmu, makulli na ciki. Sai da aka nemo mai riƙe da makullin ɗakin na'ura, wanda ya fita, muka je da ƙafa muka soka waya muka gyara. Wannan a cikin gari ɗaya ke nan. Yanzu ku tuna da nisan da muka ce ku riƙe. In ma'aikacin na Sakkwato, na'urar na Fakku, ga damina, wannan kalma mai harafi uku ta zama tafiyar yini, da kuɗin mota, da asibitin da ya wuni ba sadarwa. Rigakafinsa kuwa layi ɗaya ne. Kafin ka taɓa gwadabe daga nesa, rubuta reload in 10, domin in ka rufe kanka a waje, bayan minti 10 na'ura ta sake tashi da tsohon tsarinta. In aiki ya yi kyau sai ka soke da reload cancel.

Na uku, kafa mai ciniki. Na'urorin Cisco da yawa suna zuwa da wata ɗabi'a, wadda ake kira DTP, inda kafa ke tambayar abin da aka soka mata ko yana son su zama gwadabe. An yi haka don sauƙaƙa aiki. Amma ma'anarsa ita ce wanda ya sami kafa a bangon aji ko ɗakin jira, ya soka kwamfutar da ta iya kwaikwayon suwic, yana iya mai da kafar gwadabe, kayan dukkan sassa su riƙa biyowa ta gabansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowace kafa a faɗa mata matsayinta a fili, wadda ba a amfani da ita kuwa a kashe ta.

Na huɗu, tsohuwar na'ura daga sito. Akwai wani tsari na Cisco mai suna VTP, wanda ke yaɗa jerin sassa daga suwic zuwa suwic ta kan gwadabe. Kowane gyara yana da lamba, kuma na'urorin da ke ƙarƙashin suna ɗaya suna bin wanda lambarsa ta fi girma. In aka ɗauko tsohon suwic da aka daɗe ana gwaji da shi, lambarsa ta yi sama, aka soka shi a gwadabe ba a wanke shi ba, yana iya shafe jerin sassan ma'aikata gaba ɗaya ya ɗora nasa. A ƙaramar ma'aikata ba a bukatar wannan tsari. A sa vtp mode transparent, a rubuta sassa da hannu.

Na biyar, wanda ya fi kowanne kama da mu, shi ne rashin adanawa. Duk abin da ka rubuta yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi. In aka ɗauke wuta, kuma mun san ana ɗaukewa, na'ura za ta tashi da abin da aka adana na ƙarshe. Sau da yawa akan yi gyara, komai ya tafi daidai wata da watanni, ranar da batir ya gaza sai a wayi gari aiki ya koma jiya, wanda ya yi gyaran kuma an yi masa canjin wurin aiki. Bayan ka tabbata aiki ya yi, rubuta copy running-config startup-config, sa'an nan ka kwafi tsarin ka ajiye a wani wuri dabam.

Wani zai ce, me zai hana a ja gwadabe biyu, in ɗaya ya yanke ɗaya ya ɗauka? Shawara ce mai kyau, amma hanya biyu tsakanin akwati biyu da'ira ce, shela kuwa in ta shiga da'ira sai ta yi ta zagawa tana ninkuwa har komai ya tsaya. Dabarar da ke hana wannan, wadda ke toshe hanya ɗaya ta ajiye ta sai ranar bukata, wata mace ce ta ƙago ta cikin 1985, sunanta Radia Perlman. Mun faɗi wannan ne musamman domin 'yan'uwanmu mata da ke zaune a nan, waɗanda akan ce musu wannan fage ba nasu ba ne.

AMANA

Kada a zaci irin wannan tuntuɓe na ƙananan ma'aikata ne kawai. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duniya duka har wajen awa shida, kuma kamfanin da kansa ya bayyana cewa wani umurni ne da aka bayar lokacin gyara ya yanke manyan hanyoyinsa. A nan gida, cikin watan Mayu na 2025, shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya amsa cewa an sami kuskuren na'ura da ya shafi ɗalibai kusan 380,000 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, har aka sake musu jarrabawa. Waɗannan biyu ba kuskuren gwadabe ba ne, amma dangi ɗaya suke da shi: aikin saiti ne da ya kuɓuce wa masu yinsa, jama'a suka ɗauki nauyin. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da muke so ku tafi da shi shi ne wannan. A kan gwadabe, babu abin da ya raba takardun majinyaci da wasan ɗalibi sai lamba mai bit 12 da jerin da wani ya rubuta da hannunsa. Majinyacin bai san da wannan mutum ba, bai kuma zaɓe shi ba, amma asirinsa na hannunsa. Wannan ita ce amana, irin wadda ke kan direban da aka ɗora wa buhuna masu su suka koma gida. Tun 2023 kuma akwai dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya, wadda ta ɗora wa duk ma'aikatar da ke riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Abin da da yake hakki tsakanin mutum da Ubangijinsa, yanzu ya zama har da hukuma.

Ga yayyenmu ma'aikata, ko da ba ku ne masu taɓa na'ura ba, wata rana takardar biyan ɗan kwangila za ta zo teburinku. Kafin ku sa hannu, ku yi tambaya uku. Ina takardar da ta nuna sassa da lambobinsu da kafofinsu? Wa da wa suka san kalmar sirrin na'urorin, kuma ina aka ajiye ta a rubuce? Wane ne a cikin ma'aikatanmu aka koya wa aikin? In ba a amsa waɗannan ba, akwatuna kawai aka kawo muku, ilmin ya koma cikin jakar wanda ya kawo su, kuma duk ranar da abu ya lalace sai an sake biyansa.

Ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman waɗanda suka fito daga Fakku da Kuchi da Margai da Dogon Daji da Sanyinna da makamantansu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar da waya ta iso garuruwanmu, wanda zai tsaya mata dare da rana shi ne wanda mahaifiyarsa ke zuwa wannan asibiti, ƙanensa ke wannan makaranta. Koyon kuma ba ya bukatar sayen na'ura. Akwai manhaja mai suna Packet Tracer, wadda Cisco ke bayarwa kyauta ga wanda ya yi rajista a makarantarsa ta intanet. A cikinta za ku iya jera suwic biyu, ku ja gwadabe, ku yi duk kurakuran nan biyar da gangan, ku ga abin da ke faruwa, ku gyara. Gara ku rushe gari goma a kan allo da ku yanke asibiti ɗaya na gaske. Muna roƙon shugabannin ƙungiya su duba yiwuwar ware yamma ɗaya a mako domin wannan, waɗanda suka iya su zauna da waɗanda ba su iya ba.

Shugaban taro, mun ga lokaci ya ja, kuma mun san akwai masu tambaya. Abin da muka faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi. Inda muka yi kuskure, malamanmu na nan, sai su gyara mana. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu iya riƙon amanar da za a ɗora mana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.